Tarewar Haulatu

Duk wanda ya ce maka babu daji a Qatar bai yi ƙarya ba, sai dai bai san gonar da Garzali yake gadi ba. Tana can bayan Al Rayyan, inda gidaje ke ƙarewa hamada ta fara. Kakan mai gonar ne ya haƙa rijiya a wurin, ya dasa magarya da bagaruwa da darbejiya, su kuwa suka yi ta hayayyafa babu mai tsawata musu, har suka zama ɗan kurmin da in ka shiga cikinsa sai ka manta ƙasar da kake. A tsakiyar kurmin akwai wani ɗan kango na dutse da laka, bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Rufinsa ya rufta tun kafin a haifi Garzali, awaki ne kawai ke shiga su fake wa rana.

Garzali mutumin Gwaram ne, ɗan magini, wanda ya taso yana miƙa wa mahaifinsa tubali. Ya bar gida lallen amarci bai gama gogewa daga ƙafar matarsa Haulatu ba. Abin da ya fi ci masa rai kuwa ba tafiyar ba ce, inda ya bar ta ne. A ɗakin aro aka ajiye ta, cikin gidan yayansa, ɗakin da in an sa gado to magana ta ƙare. Kayan jerenta, samiru da tasoshi da tangaran, suna nan ɗaure a kwali a gidan mahaifiyarta, ba a taɓa kwance su ba. Ranar da zai tafi ya ce mata, "In Allah ya yarda sai na yi miki ɗakinki na kanki, kin yi jerenki kamar kowace mace." Ta ce Allah ya ba da iko, ta juya tana gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

Bai daɗe da fara gadin ba korona ta sauka. Ma'aikatan da ke ban ruwa, 'yan Nepal da Bangladesh, aka kulle su a masaukinsu can cikin gari. Mai gonar, wani tsohon Balarabe da shi ne kafil ɗin Garzali, wato wanda ya tsaya masa ya shigo ƙasar, ya daina zuwa, sai dai ya bugo waya. Jirage suka tsaya, hutun da Garzali ke ɗoki ya bi ruwa. Hatta masallaci aka rufe, ladan ya koma cewa kowa ya yi salla a gidansa. Garzali ya dubi kwantenar ƙarfen da yake kwana a bakin ƙofar gonar, wadda da rana take zama tanda, ya ce a ransa, to wannan ce gidan? Ya yi ta salla shi kaɗai, shi ne liman shi ne mamu. Sai ya yini bai buɗe baki ba in ba da awaki ba, su ma ɗin ba sa amsawa da abin kirki.

Kaɗaici ne ya kai shi kangon. Wata la'asar ya shiga korar akuya, ya ɗaga kai ya ga guntun itacen rufi a bango, baƙi, an jera shi yadda mahaifinsa ke jera azara. A jikin bangon ga alkuki na ajiye fitila, kamar na ɗakin kakarsa. Ashe Larabawan nan, kafin su yi arzikin da ya sa suke gina gidajen gilashi, irin ɗakunanmu suke kwana. Ya shafa bangon, ya ji dutsen lafiyarsa ƙalau. Da kafil ya bugo waya, Garzali ya haɗa ɗan Larabcinsa ya nemi izinin gyara kangon. Tsohon ya yi dariya ya ce ya yi duk yadda ya so, ai ɗakin awaki ne.

Kayan aiki kuwa daga Fatawu suka fito. Fatawu direban tifa ne, ɗan Zangon Kumasi a ƙasar Ghana, sun saba a masallacin Juma'a kafin a rufe. Korona ta tsayar da komai amma ba ta tsayar da rusau ba, domin ana shirin gasar cin kofin duniya, ana ta ture tsofaffin gidaje ana fitar da tituna. Fatawu ne ke kwasar ɓaraguzan, hanyarsa ta zuwa juji kuma ta bakin gonar take bi. Sai ya taka burki, ya tsaya daga nesa da takunkumi a baki, ya yi ta jefo abubuwa.

"Massa Garzali, ga sanduna na kawo maka! Wallahi mutanen nan ba su san darajar kaya ba."

Haka sandunan rufi suka zo, da tabarmin gora, da wata taga mai gilashi kore da ja wadda ɓangare ɗaya ya fashe, da katakon da aka ɗauro kayan ginin filin ƙwallo a kai. Wata rana ya kawo ƙyaure. Sai da Garzali ya zauna a ƙasa don ya kalle shi da kyau: tsohon katako mai nauyi, an yi masa ado da manyan ƙusoshi, sakatarsa ta yi tsatsa amma tana nan. Ya yini yana goge shi da yashi da man girki har launinsa ya dawo kamar na dabino.

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya faɗi haka bai yi zamanin korona ba. A gida da gayya za a yi, maza su taru, mata su dama kunu, kafin azahar an rufe ɗaki. A nan Garzali ya ɗaura igiya a reshen darbejiya, yana jan sanda ɗaya ɗaya, ya hau bango ya daidaita ta, ya sauko ya ja wata. Sau ɗaya sanda ta kuɓuce ta dake shi a kafaɗa, ya kwanta a ƙasa yana kallon ganye, ya tuna cewa ko da mutuwa ya yi a nan sai dai wari ya sanar da mutane. Ya yi kuka a ranar, kukan da ba na kafaɗa ba. Washegari ya koma kan igiyarsa.

Haulatu ta ga ɗakin yana tashi ta cikin waya. Yakan zagaya da ita, ya nuna mata yaɓen da ya yi da laka da kashin awaki, ya nuna mata indararon da ya yanko daga tsohuwar garwa. Da aka zo kan daɓe ta yi dariya har wayar ta faɗi daga hannunta.

"Malam, kai ne da daɓe? Ina aka taɓa jin namiji ya yi daɓe? Wannan ai aikinmu ne."

"To ki aiko min da matan unguwarku."

Sai ta jingina wayar da bango, ta riƙa yi masa tafi tana rera waƙar daɓe ƙasa-ƙasa don kada matar yayansa ta ji, shi kuma yana bugun ƙasa da guntun katako yana bin tafin. A nan ne ya faɗa mata abin da ya daɗe a ransa, cewa ɗakin nan nata ne. Ta ce ta yaya, ita da ke Gwaram? Ya ce shi ma bai sani ba tukuna.

Aikinsa na ƙarshe shi ne kantar jere. Hawa uku ya yi ta, daga wannan bango zuwa wancan, da katakon filin ƙwallo, ya goge ta sumul. Ya shafe bango da farar ƙasa, ya rataya wata tsohuwar fitilar ƙwai da Fatawu ya tsinto, ya haɗa gado, ya saƙa asabari ya sa a ƙofa. In hantsi ya yi, hasken tagar nan kore da ja yakan kwanta a kan daɓen. Sai dai kantar ya bar ta wayam, ko cokali bai ɗora ba, don miji bango yake bayarwa, jere na mace ne. Kuma bai taɓa kwana a ciki ba. Fatawu, da aka sassauta kulle ya fara shigowa shan shayi, ya kasa gane wannan.

"Kai kana dahuwa a kwantena, ga ɗaki mai sanyi kamar randa? Massa, kanka ɗaya?"

"Ɗakin amarya ne. Ba a shiga sai mai shi ta tare."

"To yaushe matar naka zai zo?" Hausar Fatawu dama ba ta raba mace da namiji.

Wannan ita ce tambayar. Albashin mai gadi bai kai a ba shi izinin kawo iyali ba, kowa ya sani. Amma da gasar ta matso sai ƙofa ta buɗe ta inda ba a zata ba: aka ce duk wanda ya sayi tikitin kallon wasa za a ba shi katin Hayya, ya shigo ƙasar ya yi makonni. Fatawu ne ya samo tikitin, na wasan Ghana, bai kuwa bar Garzali ya huta ba, tunda Ghana ce ta hana Najeriya zuwa.

"Mun cire ku, yanzu kuma mu ne za mu kawo maka matarka. Ka gode wa Ghana, Massa!"

Garzali ya gode wa Ghana har sau biyu. Aka rubuta cewa Haulatu za ta sauka wurin Anti Shetu, gwaggon Fatawu, mai aikin girki da ke zaune a unguwar Old Airport. Shi kuwa a ransa ya gama tsarawa: daga filin jirgi sai kurmi. Abu ɗaya ya rage, ya sanar da kafil. Kullum sai ya ce gobe.

Goben ba ta zo ba, kafil ne ya zo. Ana saura 'yan makonni a fara gasar tsohon ya shigo gonar tare da babban ɗansa. Suka bi ta cikin magarya, sai ga ɗaki. Tsohon ya tsaya cak. Ya taka a hankali ya ɗora tafinsa a kan ƙusoshin ƙyauren, ya cire takalmi ya shiga, ya ɗaga kai yana kallon rufin. Da ya fito idonsa ya kaɗa. Ya ce a irin wannan ɗaki aka haife shi, bai zaci zai ƙara ganin irinsa ba sai a gidan tarihi. Ya riƙe hannun Garzali ya daɗe bai saki ba. Sannan ya tambaye shi, a nan yake kwana?

Garzali ya ce a'a.

To wa ke kwana a ciki?

Garzali ya dubi tsohon. Mutumin nan sa'an mahaifinsa ne, da furfurarsa. A Gwaram ko sunan matarka ba ka kamawa a gaban irinsa, balle ka dube shi ka ce ga ɗakin da zan kwana da ita, ga kuma gadon yana kallonsu. Kunya ta shaƙe shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu kowa." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Ɗan kafil ya leƙa, ya ga kanta babu komai, babu riga a rataye, babu ko buta. Ya ce wa mahaifinsa gari ya cika, baƙi na neman masauki ido rufe, irin wannan wuri kuwa shi suke mutuwar so. Tsohon ya ce madalla, bari baƙi su ga yadda iyayenmu suka zauna. "Khalas," in ji ɗan, wato magana ta ƙare, ya ɗauki hoton ɗakin ta kowane gefe. Tsohon ya aiko wa Garzali sabuwar jallabiya da turare, da zuciya ɗaya. Ba mugu ba ne. Tambaya ya yi aka ba shi amsa.

Fatawu kamar ya dake shi. "Kalma ɗaya, Massa! Madam! Ko Larabci ba ya buƙata! Bari in kira shi in faɗa masa."

Garzali ya hana. An riga an yi wa baƙi alkawari, tsoho kuma ya ji daɗi, da wace fuska zai je ya ce a fasa? Kunyar da ta hana shi magana da fari ita ce ta hana shi gyarawa. Ita ce kuma ta hana shi gaya wa Haulatu, har ta hau jirgi.

Baƙin suka iso, wani mutum da matarsa daga Meziko, masu fara'a, suna tafe riƙe da hannun juna. Aka kafa musu banɗaki a bayan bagaruwa, aka ja musu wuta. Garzali ne ya ɗauko musu jakunkuna, shi ya buɗe musu ƙyauren, matar tana ta shafa bango tana faɗin abubuwa da yarensu. Aka ƙara masa aiki: in sun tafi kallo, ya shiga ya share. Da safe yana jin dariyarsu daga kwantenarsa.

Haulatu ta sauka da jaka biyu, ɗaya ta fi ƙarfinta. Ta rame kaɗan, ko kuwa waya ce ke ƙara mata ƙiba. Suka gaisa kamar baƙi, ta durƙusa, ya ce mata sannu da hanya ya fi a ƙirga. Da ya ɗaga jakar mai nauyi sai ya ji ƙarar kwanoni a ciki. A motar da Fatawu ya aro, suna hanya, ya faɗa mata komai yana kallon gilashi. Suka wuce fitilun titi da yawa. Sannan ta ce, "To Allah ya sa haka ne mafi alheri." Da zagi ta yi da ya fi masa sauƙi.

Gidan Anti Shetu ɗaki ne na mata huɗu a bene na biyu, namiji ba ya hawa. Garzali kan zo in ya samu wanda zai riƙe masa ƙofa, su zauna a kan matakala, ko a bencin gaban kanti, mutane na wucewa da tutoci da ganguna. Duniya duk ta taru a Doha tana biki, su kuwa suna raba shayi a kofin takarda. Ta je wasan Ghana da Anti Shetu, ta dawo ta ce ihun ya sa mata ciwon kai. Jakar kwanonin tana ƙarƙashin gadon wata, ba a kwance ba.

Ana jibi za ta koma ta ce, "Malam, ka kai ni in ga ɗakin."

Ya kai ta da hantsi, baƙin sun fita. Ta bi bayansa cikin kurmin, tana tsinkar magarya tana jefawa a baki, ta ce irin ta gida ce sak. Da suka iso ta tsaya ta kalli ƙyauren, da indararon garwa, da asabarin. Ya buɗe. A kan kantar ga rigunan ƙwallo korra, ga man shafawa, ga wata ƙatuwar hula mai faɗi. Gadon a hargitse. Hasken tagar yana kwance a kan daɓen da suka yi tare.

"Ka taɓa kwana a ciki?"

"A'a. Ke nake jira."

Ta karɓi tsintsiyar daga hannunsa. Ya ce ta bari, aikinsa ne, ba ta ko dube shi ba. Ta cire takalmi, ta yi bismilla, ta shiga da ƙafar dama, jakar hannunta a kafaɗa, ta saki asabarin. Garzali ya zauna a gindin darbejiyar da ya ɗaura igiya yana jin ƙarar shara. Ba sharar 'yan aiki take yi ba, ta mai ɗaki ce, lungu lungu, har ƙarƙashin gado. Ta daɗe. Da ta fito ta miƙa masa tsintsiyar ta ce, "Ka iya gini, Malam." Idonta a bushe yake, nasa ne ba ya gani sosai.

Ta koma da jakarta mai nauyi yadda ta zo da ita.

Gasar ta ƙare, aka sauke tutoci, baƙin Meziko suka rungume Garzali suka tafi. Da kafil ya zo duba ɗakin, Fatawu yana wurin, wannan karon kuwa ba wanda ya isa ya rufe masa baki. Tsohon ya saurara, ya juyo ya dubi Garzali, ransa a ɓace. Me ya sa bai faɗa ba? Me ya sa? Garzali ya sake sunkuyar da kai, don amsar ba ta fassaruwa. Tsohon ya danƙa masa mabuɗin, ya ce ɗakin nasa ne muddin yana gonar, ya tafi yana girgiza kai.

Da la'asar Garzali ya shiga yin sharar ƙarshe, da niyyar ya kulle ya koma kwantenarsa. Ya hau kan gado zai goge hawan kanta na sama, wanda ba a gani daga ƙasa, sai hannunsa ya taɓa wani abu can a kusurwa. 'Yar samira ce mai murfi, fara mai furanni ja, sabuwa fil, takardar kanti na manne a gindinta. Ya buɗe. Turaren wuta ne a ciki, irin wanda ake haɗa wa amare.

Ya kira ta. Tana tsakar gidan yayansa, yana jin ana daka a bayanta.

"Haulatu, kin manta samirarki."

"Ban manta ba."

Ta matsa daga inda ake dakan, ta rage murya.

"Na yi jerena, na share ɗakina, me ya rage? Na tare, Malam. Ka daina kwana a gwangwanin nan. Ka shiga, na ba ka aron ɗakina har in dawo."

Layin ya yanke. Ya sauko da samirar ya ajiye ta a tsakiyar kanta, ita kaɗai a kan dogon katako. Ya samo garwashi ya zuba turaren kaɗan, ba da yawa ba, don bai san tsawon lokacin da zai yi masa ba. Ya je kwantena ya ɗauko buta da dardumarsa da filo. Kurciyoyi na ta kuka a kan magarya. Ya kwanta a bakin gadon, ya bar mata gefen bango.